Tari Daga Ƙasan Bene

A watan Maris tsoro ne ya kulle mu.
Doka ta tarar da ƙofa a rufe,
makulli kawai ta murɗa.
Lesta ta yi tsit, Titin Evington kamar an share,
ina wanke hannu har fata ta tsage,
ina cuɗa kwalin madara da sabulu
sai ka ce wankan gawa zan yi masa.

Shekarata ashirin da biyu.
Ɗaki ɗaya, taga ɗaya,
da aikin jera kaya a kanti cikin dare.
A ƙasana Misis Pargeter take, mai gidan,
tamanin ba ɗaya,
huhunta tsohon zugazugi mai huji.
Nakan ajiye mata burodi a bakin ƙofa,
in ƙwanƙwasa sau biyu, in ja da baya taku shida.

Amma tsoro gishiri ne a cikin ruwa,
yau da gobe sai ya narke.

Da Yuli ta zo aka buɗe sauran garuruwa,
mu aka ce mu ƙara haƙuri.
Declan ya turo hoto daga Nottingham,
sabon aski, haƙora a waje.
Tafiyar rabin awa a jirgin ƙasa tsakaninmu,
shi ɗa, ni fursuna.
Nan haushi ya shigo,
ya iske tsoro yana gyangyaɗi, ya janye masa kujera.

Kaɗaici ya fi haushi iya baki.
Ba ya ɗaga murya.
Ƙarfe uku na rana yake zama a gefen gado,
ya ce, ai kai yaro ne, me zai same ka?

Sai ga saƙon Kubura:
“Daren Asabar, gidan su Priyesh. Mu goma ne kacal.”

Ba zan ɗora wa Shaiɗan ba,
ƙafata ce ta kai ni.
Goma sun zama talatin, taga a rufe don maƙwabta,
takunkumina na ninke shi a aljihu.
Wata huɗu babu hannun da ya taɓa kafaɗata.
Da Priyesh ya rungume ni
sai da na shige banɗaki
na buɗe famfo don kada a ji ni.

Lahadi da safe na kai burodi.
Ta buɗe da wuri, na manta ban ja da baya ba.
Hannu da hannu ta karɓa.

Talata, Kubura ta daina jin ƙamshin turarenta.

Kwana goma sha huɗu na yi a sama,
babu ɗan sandan da ya tsare ni.
Wani mai taye a talabijin yana cewa
matasa ba su damu da kowa ba.
Na kashe shi, na kwanta a daɓen katako,
kunne a ƙasa, ina ƙirga tarinta.
Bakwai kafin asuba.
Na jiya ne irin wanda ta saba,
ko kuwa sabo ne, nawa?
Idan ta yi tari, hantar cikina ta kaɗa.
Idan ta yi shiru, ya fi muni.

Rana ta tara na ji bugu daga ƙasa,
sandarta ce a jikin silin.
Sau biyu.
Na leƙa: kwanon miyar tumatir a kan matakala ta uku,
da 'yar takarda, rubutu na rawa,
“Ka yi shiru da yawa, yaro. Lafiya?”

Na shanye ta a tsaye, ta ƙona mini harshe.
Na ji ɗanɗanonta sarai, har barkonon.

Tana nan da ranta, ta cika tamanin.
Ban taɓa faɗa mata daren Asabar ba.
Har yau in na kawo burodi
ƙafata da kanta take ja da baya,
ita kuma tana yi mini dariya.